Mai Wankin Gilashi

Shekara talatin da ɗaya ina wanke mata faifan gilashi
a ɗakin binciken nan na gaɓar Chiloé,
inda ruwan sama ba ya sallama
kuma rufin kwano bai san shiru ba.

Da asuba Aladino zai ɗaure kwalekwalensa,
ya dire buhun bushiyar teku yana ɗiga,
ya ce, "Jama'a da lemon tsami suke ci,
ke kuwa, Eliana, sai kallo."
Ta ce, "Kowa da kiwon da ya karɓe shi,"
ta miƙa masa shayi.

Ƙwan bai kai tsinin allura ba.
Takan sa shi ƙarƙashin madubi, ta ɗauke numfashi.
Ɗaya ya tsage biyu, biyu huɗu,
takwas, sha shida,
a nan ne wasu 'yan mitsi-mitsi huɗu ke ɓullowa ta gindi.
Su suka cinye mata ƙuruciya,
su suka sa mata tabarau.
Tambayarta guda ce, ba ta taɓa sake ta ba:
wa ke gaya wa wannan ƙwaya ke ce hanji,
waccan ke ce ƙashi,
alhali ba magini, ba zane, ba mai tsawa?

Sabon ɗalibi in ya zo da kumburin kai
sai ta nuna masa tayi mai kwana biyu.
"Mafita ake fara hudawa, baki sai daga baya.
Mu ma danginsu ne.
Ka tuna ranar da za a rataya maka lambar yabo."

Akwai shekaru huɗu da ba na son tunawa.
Ta ga wani abu da ba wanda ya taɓa gani,
aka buga, aka kira ta Santiago, aka kira ta ƙetare,
sunan Eliana Cárcamo ya shiga bakin manya.
Sai Yasna Nahuelquín,
'yar mai tsintar ciyawar teku, ɗalibar da ba ta cika magana ba,
ta gwada da sabon gilashi daga kwali.
Abin bai fito ba.
Ta sake. Bai fito ba.

Sabuluna ne.
Na canza shi saboda tsohon yana tsattsaga mini hannu,
ban gaya wa kowa ba.

Na tsaya a bakin ƙofa, hula a hannu.
Ta daɗe tana kallon yatsuna.
Ta ce, "Me ya hana ka ce suna ciwo?"
Daren nan ta zauna ta warware saƙar da hannunta,
shafi uku, sunan Yasna a gaba, nata a baya,
nawa babu ko ɗaya cikin masu laifi.
Wasu sun yi dariya. Kuɗin bincike ya yi ƙafa shekara biyu,
muka riƙa ɗumama ɗakin da itacen da teku ta tofar.

Bayan nan ta yi ayyukan da suka tsaya da ƙafarsu,
ana ambatonsu a gindin shafuka,
ni dai ban iya karanta yaren ba.

Yanzu idonta ya tafi.
Tana zaune a Quemchi, bargo a gwiwa, tana sauraron tashin ruwa.
Ɗalibanta sun watsu, Bergen, Busan, Montevideo,
kuma an ce mini ɗaliban ɗalibansu
sau bakwai suke ɗauraye gilashi, na ƙarshe da ruwan teku,
suna kiransa wankin Eliana,
ba su san dalili ba.

Jiya na kai mata labarin.
Ta yi dariya har da tari.
Ta laluba, ta kama hannuna, ta shafa bayansa,
ta ce, "Har yanzu ba ka shafa man da na ba ka."